Ɗan wasa ya ji rauni a fili: yadda ake neman diyya kafin lokaci ya ƙure

Duk mai bin harkar ƙwallo a Jos ya san yadda abin yake tafiya. Ɗan wasa ya karye a fili, a ciccibe shi zuwa motar asibiti, washegari shugabannin kulob ɗin su zo dubiya su ajiye ɗan abin da ya sawwaƙa, abokan wasa su yi karo-karo. Bayan wata uku kiran waya ya ragu. Kaka ta ƙare, a fitar da sunayen waɗanda aka riƙe, babu nasa. Yawancin yaran nan suna haɗa komai su ce ƙaddara ce. Raunin kam ƙaddara ne, amma zaman gida ba magani ba albashi ba dole ba ne, domin dokar Najeriya ta ɗauki ɗan wasan da ake biya a matsayin ma'aikaci, kuma ta tanadar masa diyya. Abin da ke salwantar da haƙƙin nan galibi takarda ce da ba a rubuta ba, da kwanakin da aka bari suka wuce.

Abin da doka ta ce

Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Disamba na shekarar, ita ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. A tsohon tsari, ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki ne ke fafatawa. A sabon tsari an kafa asusu guda a hannun hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, mai hedikwata a Abuja da ofisoshi a jihohi, har da Jos. Kowane mai ɗaukar ma'aikata yana zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata. Idan ma'aikaci ya ji rauni ta dalilin aiki, asusun ne zai biya, kuma ba a tsayawa binciken laifin wane ne. Ko kai ka shiga ƙwallon da garaje ka karye, ko wani ya tokare ka, rauni ne a bakin aiki.

Dokar ta shafi ma'aikatan gwamnati da na masu zaman kansu. Waɗanda kawai ta cire su ne sojoji. Ta kuma bayyana ma'aikaci da faɗi sosai: wanda aka ɗauka da yarjejeniya a rubuce ko da baki, na dindindin ko na wucin gadi, ɗan koyo ko mai aikin ɗan lokaci. Babu inda ta ware 'yan wasa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don a wasu ƙasashe an ware su. A Amurka kowace jiha da dokarta: jihar Florida ta cire ƙwararrun 'yan wasa daga tsarin diyyar ma'aikata, California kuma a 2013 ta taƙaita damar 'yan wasan ƙungiyoyin wasu jihohi na shigar da buƙata a can. Ɗan wasanmu da ya sa hannu a kulob na ƙasar waje, dokar can ce za ta hau kansa, ya tambaya kafin ya sa hannu.

Wa ya shiga, wa bai shiga ba

Ɗan wasan da ke da kwantiragi da kulob, yana karɓar albashin wata, yana zuwa atisaye a lokacin da koci ya sa, ya shiga ba tantama, ko a gasar Firimiyar Najeriya yake, ko a ƙaramin rukuni, ko a gasar mata. Haka ɗan ƙwallon kwando na ƙungiya irin Plateau Peaks, da ɗan wasan da ke cikin jerin ma'aikatan hukumar wasanni ta jiha, da koci, da mai kula da kayan wasa, da direban motar kulob. FIFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, ita ma ma'auninta kusan ɗaya ne: ƙwararren ɗan wasa shi ne mai rubutaccen kwantiragi wanda ake biyansa fiye da abin da yake kashewa a kan wasan.

Inda ake samun tangarɗa shi ne wurin ɗan gwaji. Yaro ya zo daga Bukuru ko Unguwar Rogo, ya yi wata biyu yana atisaye da kulob, ana ba shi kuɗin mota da abinci, an ce masa ya jira a buɗe rajista, sai gwiwa ta tafi. Doka ta yarda da yarjejeniyar baki, amma shi ne zai kawo shaidar cewa an ɗauke shi. Saƙon da aka gayyace shi da shi, sunansa a takardar sansani, alat ɗin banki na alawus, su ne za su tsaya masa. Shawararmu ga duk mai zuwa gwaji: ka nemi takardar gayyata mai kan kulob da ta faɗi ranar farawa da ranar gamawa, da wanda zai ɗauki nauyin magani idan an ji ciwo. Kulob ɗin da ya ƙi ba da wannan 'yar takarda ya riga ya gaya maka abin da zai yi ranar da ka faɗi.

Ɗan dambe ko ɗan kokawa da ake biya kuɗin karawa ɗaya ya tafi, da ɗan tseren da ke cin kyautar gasa kawai, da wuya a lissafa su ma'aikatan wani. Su inshorar haɗari ta kansu ce mafita, ko su sa mai shirya wasa ya rubuta cewa magani na wuyansa. Sai kuma babban tarkon da ke cin 'yan wasan Jos duk shekara: ƙwallon unguwa lokacin hutun kaka. Ka je gasar Sallah ko ta Kirsimeti a unguwarku ba da izinin kulob ba, ka karye a can, wannan ba raunin aiki ba ne. NSITF ba za ta biya ba, kuma kulob zai iya cewa ka saɓa kwantiragi. In dole sai ka buga, ka karɓi izini a rubuce.

Tafiya kuwa tana ciki. Dokar ta amince da raunin da aka samu a wajen wurin aiki idan aikin ne ya kai mutum can, don haka haɗarin mota a Hawan Kibo kan hanyar zuwa wasan waje raunin aiki ne, haka abin da ya faru a otal ɗin sansani ko a wasan Afirka a Tunisiya. Harin da 'yan bindiga suka kai wa tawagar Kano Pillars a watan Maris na 2015 kan hanyarsu ta zuwa Owerri, inda 'yan wasa suka ji raunuka, irin abin da wannan sashe ya ƙunsa ke nan. Har haɗarin da ya same ka tsakanin gidanka da filin atisaye yana ciki, shi ya sa ya kamata adireshin gidanka na yanzu ya kasance a fayil ɗinka na kulob.

Kuɗi uku ne, kada a cakuɗa maka su

Na farko albashinka na kwantiragi, wanda kulob zai ci gaba da biya har wa'adin ya cika, ko kana bugawa ko kana kan sanduna. Na biyu diyyar NSITF. Na uku inshorar da kulob ko masu gudanar da gasa suka saya a kamfani, idan akwai. Ana yawan ba ɗan wasa ɗaya daga ciki a ce masa shi ke nan an sallame shi. Kowanne da hanyarsa da wurin da ake nemansa. Kuɗin dubiya da shugaba ya ba ka a asibiti kyauta ce, ba ta goge ko ɗaya.

Kafin ka ji ciwo

Ranar sa hannu ake cin wannan shari'a ko a faɗi. Kada ka bar ofis ba tare da kwafinka na kwantiragi mai sa hannun ɓangarorin biyu ba. "Za mu aiko maka" ita ce maganar da ta fi cutar 'yan wasa. Ka ɗauki hoton kowane shafi ka tura wa wani ɗan'uwanka.

Ka duba adadin da aka rubuta a matsayin albashi, domin da shi ake lissafin diyya. Dokar tana kallon albashi da alawus irin na haya, sufuri da abinci. Idan an rubuta naira 100,000 a takarda, ana ba ka wata 100,000 a hannu, to ranar lissafi rabin kuɗinka ya ɓace. Garaɓasar cin wasa da kuɗin sa hannu su ma a rubuta su, kuma komai ya bi ta banki. Bayanan asusunka na wata shida zuwa shekara sun fi rantsuwar mutum goma ƙarfi.

Sannan ka yi tambayar da 'yan wasa ba su cika yi ba: kulob ɗin nan ya yi rajista da NSITF, kuma yana biya? Hukumar tana ba wanda ya cika sharaɗi takardar shaida, ka nemi gani. Idan kana jin nauyin tambaya, kyaftin ya tambaya a madadin kowa, ko wakilinka. Kada wanda ya ce maka kulob na gwamnatin jiha ne don haka ba ya buƙata. Dokar ta hau kan jihohi da ƙananan hukumomi. Kuɗin ma ba wani abu ba ne. Kulob mai 'yan wasa 35, kowanne a kan naira 200,000, albashinsa na wata naira miliyan 7 ne, kashi 1 cikin 100 kuwa naira 70,000. Bai kai kuɗin man mota na tafiya wasa guda a kudu ba. Kuma doka ta hana a cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci, in ka ga an zaftare maka da sunan NSITF, an saɓa doka.

Gwajin lafiya na farkon kaka, ka nemi kwafin sakamakonsa. Idan sabon rauni ya hau kan tsoho, dokar ta ce kason da sabon ya jawo kawai za a biya. Takardar da ta nuna gwiwarka lafiya lau a watan da ka sa hannu ita ce za ta rufe bakin mai cewa da ciwonka ka zo. Gwajin zuciya kuma kada a yi wasa da shi. Samuel Okwaraji ya faɗi ya rasu a filin wasa na Surulere ranar 12 ga Agusta 1989 a wasa da Angola, Chineme Martins na Nasarawa United ya rasu bayan ya faɗi a fili a Lafiya a watan Maris na 2020.

Abu na ƙarshe, shekarun haihuwa. Idan lasisin wasa ya ce abu ɗaya, katin ɗan ƙasa ya ce wani, BVN ya ce na uku, fayil zai tsaya cik a teburin tantancewa. A gyara tun ana da ƙafa biyu.

Ranar da abin ya faru, da kwana 14 na farko

Ka tabbata raunin ya shiga rubutu tun a fili. A wasan gasa, likitan kulob ya rubuta, a kuma nemi ya shiga rahoton kwamishinan wasa. Idan an haska wasan ko wani ya ɗauka a waya, a ajiye bidiyon. A atisaye ne aka fi asara, don babu alƙali babu rahoto, saboda haka ka riƙe sunan mutum biyu da suka gani da ido.

Ka je asibitin da ke buɗe fayil ya ba da rahoton likita, irin asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo, ko asibitin ƙwararru na jihar Filato, ko Jankwano. Ka gaya wa likita a fili cewa a wasa ko atisayen kulob ka ji ciwon, ranar kaza, ƙarfe kaza, ka tabbata ya rubuta haka. Wasu suna cewa faɗuwa suka yi don a gama da su da wuri, wannan kalma guda tana iya rusa buƙatar gaba ɗaya.

A nan dole a yi maganar masu ɗori. Mutanenmu sun yarda da su, kuma sun fi sauƙin kuɗi. Amma mai ɗori ba ya ba da takardar da NSITF za ta karɓa, kuma karayar ɗan wasa ba irin ta kowa ba ce: ƙashin ƙauri da ya haɗe a karkace kaɗan, ɗan kasuwa zai ci gaba da harkarsa, ɗan ƙwallo kuwa ya gama. Ɗaurin da aka matse a kan ƙafar da ke kumbura yana tsayar da jini, naman ya mutu, har a kai ga yanke ƙafa. Idan yatsu suka yi sanyi, suka canza launi, ko zafin ya wuce misali, a kwance ɗaurin a nufi asibiti a daren. Idan iyaye sun matsa, a fara yin hoto a asibiti, likitan ƙashi ya gani ya rubuta tukuna.

Ciwon gwiwa kuma yana da yaudara. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya, sai a ce maka ba karaya, targaɗe ne, ka huta sati biyu. Idan ka ji ƙara a gwiwa lokacin da ka juya, ta kumbura cikin 'yan awoyi, daga baya tana zillewa in ka taka, ka nace a yi hoton MRI, wanda ke nuna jijiya. Tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa da likitoci ke kira ACL tana buƙatar tiyata ga mai son komawa fili, da gashi, wato jinyar motsa gaɓa, na wata tara ko fiye. Tsinkewar agara ita ma wata shida ne zuwa sama. Wanda aka rubuta masa "targaɗe" a rahoton farko zai sha wahala kafin ya gamsar da hukuma cewa raunin da ya kashe masa sana'a tun ranar ya same shi.

Yanzu kwanaki. Doka ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da mai aikinsa. Kowa ya ga ka faɗi, gaskiya ne, kuma dokar tana sassauci idan an tabbatar mai aikin ya sani, amma kada ka jingina da wannan. Ka rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga sakataren kulob: sunanka, rana da lokaci da wurin da abin ya faru, irin raunin da yadda ya auku, cikin magana mai sauƙi. A ƙarshe ka roƙi kulob ya kai rahoto NSITF kamar yadda doka ta ce. Kwafi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a naka. In kana kwance, matarka ko ɗan'uwanka ya kai. In an ƙi karɓa, ka tura ta imel da WhatsApp zuwa lambar sakatare da ta manajan ƙungiya, ka adana hoton saƙon.

Shi kuma kulob kwana 7 doka ta ba shi ya kai rahoto ga hukumar, idan rasuwa ce kuma nan take. Bayan sati biyu ka tura wani ofishin NSITF na Jos ya tambaya ko rahoton ya iso. Idan bai iso ba, ka kai naka kwafin wasiƙar da rahoton likita, ka nemi a rubuta an karɓa.

Shigar da buƙata

Wa'adin shigar da buƙatar diyya shekara 1 ne daga ranar rauni. Hukumar tana iya karɓa har zuwa shekara 3, amma sai ta gamsu akwai wani dalili na musamman da ya hana. "Shugaba ya ce in yi haƙuri zai duba" ba dalili ba ne da za ka so ka tsaya a kansa. Da yawa ana lallaɓa su da alkawari har shekara ta zagayo. Ka karɓi alkawarin, ka kuma shigar da takardarka.

Za ka cike fom ɗin hukumar, likitan da ya duba ka ya cike nasa ɓangaren, kulob ya cike nasa. Ka haɗa da kwafin kwantiragi, shaidar albashi ta watannin baya, rahoton likita da hotunan da aka yi, rasit na asali na duk abin da aka kashe, katin shaida, da lambar asusun banki mai sunanka. Idan haɗarin mota ne ko hari, a sa rahoton 'yan sanda. Rasit ɗin kemis marar suna da kwanan wata ba ya aiki, kuma rasit na injin POS yana gogewa cikin 'yan watanni, a yi masa kwafi tun yana sabo. Kafin babbar tiyata, musamman idan za a tura ka asibitin ƙashi na Dala a Kano ko wani asibitin kuɗi a Abuja, a sanar da hukumar a rubuce, don kada daga baya a yi gardama kan ko kuɗin ya dace.

Nawa ake biya

Akwai kuɗin jinya: asibiti, tiyata, magani, gashi, da kayan taimako irin ƙafar roba. Raunin da ya kwantar da mutum na ɗan lokaci ya warke, ana biyansa dunƙule bisa jadawalin da ke jikin dokar. Idan nakasa ce ta dindindin da ta hana aiki ɗungurungum, ana biyan kashi 90 cikin 100 na albashi duk wata, wato mai naira 200,000 zai riƙa samun 180,000. Ga wanda bai kai shekara 55 ba lokacin raunin, biyan yana tafiya ne har ya kai 55.

Yawancin 'yan wasa a rukuni na tsakiya suke faɗawa: nakasa ta dindindin amma ba gaba ɗaya ba. Mutum yana tafiya, yana tuƙi, amma ba zai ƙara buga ƙwallon kuɗi ba. A nan ƙa'idar ita ce kashi 90 cikin 100 na abin da aka ƙiyasta ya rasa na samu. A misali, wanda yake kan 200,000, yanzu abin da zai iya samu a horar da yara 80,000 ne, ya rasa 120,000, kashi 90 ɗinsa 108,000. Adadin ƙarshe yana fitowa ne daga kason nakasa da likitocin hukumar suka yanke tare da jadawalin dokar, kuma jadawalin an tsara shi ne da ma'aikaci na gama-gari a zuciya. Gwiwar da ba ta lanƙwasuwa sosai ƙaramar nakasa ce ga akawu, ga ɗan baya kuwa ita ce dukan jarinsa. Don haka ka sa likitan ƙashi ya rubuta ƙarara cewa sana'arka ƙwallo ce, kuma ba za ka iya komawa gare ta ba, da dalilansa na aune-aune. Dokar ta kuma ba hukumar damar taimaka wa wanda ya nakasa ya koyi wata sana'a, ka nemi wannan a rubuce, kwas ɗin koci ma sana'a ce.

Idan rasuwa ce, matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye tana samun kashi 90 cikin 100 na albashin mamacin duk wata, mai ɗa guda kashi 85. Ana lissafa yara har su kai shekara 21 ko su gama digirin farko, duk wanda ya riga zuwa. Wannan kuɗi na waɗanda suka dogara da mamacin ne, hukumar ce ke tantance su, don haka shaidar aure da takardun haihuwar yara su kasance a ajiye. Iyali su kuma tambayi inshorar rai ta rukuni, wadda dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata, aƙalla ninki uku na albashin shekara.

Inda ake tuntuɓe

Babbar matsala ita ce a je a tarar kulob bai taɓa rajista ba, ko ya daina biya. Rashin yin rajista laifin kulob ne, dokar ta tanadi tara har da ɗauri, kuma hukumar tana da ikon bin bashin. Amma a aikace fayil ɗinka zai yi ta jira. Kada ka zauna. Ka shigar da buƙatar duk da haka don kada wa'adi ya wuce ka, ka rubuta wa hukumar ƙorafi cewa mai aikinka bai bi doka ba, sannan ka ga lauyan da ya san shari'ar ƙwadago game da kai kulob ɗin kotu.

Ta biyu, takardar sallama. Ana kawo wa ɗan wasa takarda yana kan gado, an rubuta cewa an rabu da yardar juna kuma ba ya bin kulob komai, a haɗa da albashin wata biyu. Kada ka sa hannu ranar da aka kawo. Game da diyyar NSITF, dokar ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yafe haƙƙinsa a cikinta banza ce. Amma sauran albashin kwantiraginka kana iya rasa shi da wannan sa hannu. A ƙa'idar FIFA ba a soke kwantiragi sai da dalili mai ƙarfi, kuma masu yanke hukuncinta sun daɗe a kan cewa rauni ba dalili ba ne. Ƙa'idar ta ma hana a rataya ingancin kwantiragi a kan cin gwajin lafiya: kulob ya yi gwajinsa kafin sa hannu, in ya sa hannu ya ɗauka. Idan kuma aka riƙe maka albashin wata biyu, tun 2018 FIFA ta ba ka damar rubuta gargaɗi na kwana 15, in ba a biya ba ka soke kwantiragin ka nemi diyya. Rikici tsakanin ɗan Najeriya da kulob na Najeriya yana zuwa kwamitin sasanci na hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, wato NFF, a Abuja, na FIFA kuwa na rikicin da ya haɗa ƙasashe biyu ne, kuma ba ya sauraron abin da ya wuce shekara 2. Masu tsoratar da yara cewa duk wanda ya je kotu za a kore shi daga ƙwallo ba su faɗi duka ba, ƙa'idar FIFA ta bar ƙofar kotu a buɗe kan rikicin aiki.

Ta uku, ɗan wasan aro. Kulob biyu kowanne ya ce na ɗayan ne. Takardar aro ta faɗi wanda ke biyan albashi, wanda ya sa sunanka a jerin NSITF, da wanda zai biya jinya. Kiran tawagar ƙasa kuma, ƙa'idar FIFA ta ɗora wa kulob ɗinka nauyin yi maka inshora na tsawon lokacin da ya sake ka. Shirin FIFA na biyan diyya kan raunin da ya wuce kwana 28 a wasan ƙasa, kulob yake biya, ba ɗan wasa ba.

Ta huɗu, wanda ya ji maka ciwon. Diyyar NSITF tana tsayawa ne a madadin ƙarar sakaci a kan mai aikinka, ba a haɗa biyu. Idan kuwa wani na waje ne sanadi, kamar direban tirelar da ya afka wa motar kulob ko ɗan kallon da ya yi jifa, kana da zaɓi: ka karɓi diyya ko ka yi ƙararsa, kuma dokar ta ba da wata 6 a bayyana zaɓin a rubuce. A Ingila, Ben Collett, matashin Manchester United da aka karya a wasan 'yan ajiya da Middlesbrough a 2003, kotu ta ba shi sama da fam miliyan 4 a 2008. Kada wannan adadi ya ruɗe ka. Shari'a a nan tana cin shekaru, kuma wanda aka ci a kotu sai yana da abin biya. Direban da ke da kamfani da inshora a bayansa daban yake da ɗan kallon da ba shi da ko keke.

Idan hukumar ta ƙi biya, ko ta yanke kason nakasa da kake ganin ya yi kaɗan, ka nemi hukuncin a rubuce da kwanan wata. Kana da kwana 180 daga ranar ka rubuta mata ta sake dubawa, in ka bari suka wuce ka rasa damar. Ka haɗa da sabon rahoto daga wani likitan ƙashi na daban, wanda ya auna lanƙwasuwar gaɓar da ƙarfinta ya rubuta da lambobi. Ita ma hukumar kwana 180 gare ta ta yanke. Daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda tsarin mulki ya ba hurumin irin wannan shari'a, kuma tana da reshe a Jos, ba sai ka yi ta zirga-zirgar Abuja da sanduna ba.